Mai Waiwaye a Rumbun Gishiri

Solène ta fi sanin mutanen garinmu ta ƙeya a kan ta fuska. Shi ya sa ranar Lahadin nan, tana zama a bakin piyano ta gane akwai baƙo. Ƙeya ce doguwa a layi na uku, gashi a hargitse, kunne ɗaya ya ɗan fi ɗaya buɗewa.

Haka muke yi duk farkon wata a tsohon rumbun gishirin da ke bakin tashar jiragen ruwa. Da la'asar a rufe tagogi, a jera kujeru suna kallon farin bango, piyano kuwa yana can baya. Dokar Firmin Aubertot ce, mai tsara kiɗan da aka haifa a garin nan, wanda ya kusa shekara ɗari a kabari amma har yau yake juya mu. Mutum ne da yake cire hula ya gaishe da kifi a kasuwa, yana sa wa kiɗansa sunaye irin su "Rarrashi ga Kifin da Ruwa Ya Gundura". Shi ya ce idan ana kaɗa kiɗansa kowa ya ba mai kiɗa baya, domin ido yana hana kunne aiki. Idan an gama kuma ba tafi. A tashi a fita shiru.

Solène ta fara. Tana tsakiyar kiɗan kifin, daidai wurin da sauti yake yin ƙasa kamar mai raɗa, sai baƙuwar ƙeyar nan ta motsa. A hankali ta juya, sai ga fuska.

Ido biyu suka yi. Yatsanta ya kusa zamewa. Tun da ta fara kiɗa a rumbun nan ba ta taɓa ganin idon mutum ba, balle ido irin wannan, wanda ya tsaya a kanta ya ƙi komawa bango. Ta harare shi. Ya yi murmushi. Ta ƙara hararar, ya ƙara murmushin.

Da ta saki sautin ƙarshe, kafin kowa ya miƙe, sai aka ji tafi raf raf raf daga mutum ɗaya. Ya yi sau uku ko huɗu kafin ya lura shi kaɗai yake yi.

Mahaifinta, Gaspard Hamelin, mai gyaran piyano kuma shugaban Ƙungiyar Abokan Aubertot, ya tare shi a bakin ƙofa.

“Samari, wuyanka ciwo yake yi?”

“A'a, yallaɓai.”

“To tafin hannunka ne yake ƙaiƙayi?”

“Ka yi haƙuri, yallaɓai. An gaya min dokar a ƙofa. Na yi iyakar ƙoƙarina.”

“Wannan ne iyakar ƙoƙarinka? Daga ina kake?”

“Le Havre, can tsallaken gada. Sunana Basile Quéval. Ofishin magajin gari ne ya ɗauko ni in shirya bidiyon da za a haska a bikin cika shekara ɗari da rasuwar Aubertot.”

“A haska a ina?”

Basile ya nuna farin bangon.

Gaspard ya juya masa baya. Ya sa hularsa ya fita, kunnuwansa sun yi jawur.

Solène ta iske baƙon a bakin ruwa, kusa da mai sayar da jatan lande, ya sayi ƙunshi ɗaya ya rasa yadda zai ɓare. Ba ta yi niyyar tsayawa ba, ƙafarta ce ta tsaya.

“Ka san kai ne na farko? An taɓa yin wani ɗan yawon buɗe ido da ya juyo, amma shi ƙudan zuma ne ya shige masa riga.”

“Ni ma wani abu ne ya shige ni.”

“Allah ya sawwaƙe. To me ka gani da ka juyo, ɗan tsallaken gada?”

“Na ga idan kin zo wurin da kiɗan yake rage murya kina cije leɓe, kamar kina tsoron kada ya fashe a hannunki.”

Ta taɓa leɓenta. Ba ta san tana yi ba, kuma babu wanda zai gaya mata. Ta karɓi ƙunshin daga hannunsa, ta nuna masa yadda ake murɗe kai a ja jela.

Kafin ta kai gida saƙo ya shigo wayarta.

“Gimbiyar ƙeyoyi, na iya ɓare jatan lande yanzu. Saura in koyi zama ban waiwaya ba. Wannan kam ban yi alkawari ba.”

Ta mayar masa: “Sarkin waiwaye, idan ka sake Baba zai ɗaure maka wuya da wayar piyano.”

“Idan ta wajenki zai ɗaure shi ya kalla, na yarda.”

Haka aka fara. Basile yakan tsallako gada da tsohuwar motarsa da asuba ya ɗauki hoton ruwa yana janyewa, da laka tana sheƙi, da tsuntsayen teku suna faɗa a kan kan kifi. Solène ta riƙa raka shi tana riƙe masa laima, tana rera masa kiɗan Aubertot da baki don ya ji inda hoton zai dace. Idan sanyi ya ishe su sai su shiga shagon burodi su raba gurasar tuffa mai zafi. Shi yana da surutu, ita tana da tsiwa, sai abin ya zo daidai.

“Me ya sa ba kya gajiya da kiɗan mutum ɗaya?” ya tambaye ta wata rana.

“Kai me ya sa ba ka gajiya da kallon mutum ɗaya?”

“Kin ci ni, Gimbiya.”

Garinmu ƙarami ne. Kafin wata ya zagayo magana ta isa teburin cin abincin gidan Hamelin. Goggo Huguette, yayar Gaspard, wadda ta taya shi renon Solène, ta ajiye tukunyar miya tana satar kallon uba da 'ya.

“An ce an gan ki da mai majigin nan,” in ji Gaspard.

“Ba ƙarya aka yi ba, Baba.”

“Aikin me yake yi, tsakani da Allah? Yau yana nan, gobe yana wani gari yana haska hoto a bangon mutane. Wannan sana'a ce? Ga Tancrède nan, yaro mai natsuwa, ga kantin magani a hannunsa, ga shi sakataren ƙungiya. Shekara nawa yana zuwa gidan nan?”

“Yana zuwa yana kawo min alawar tari, Baba. Ko tari ba na yi.”

Goggo ta ƙyalƙyale, ta mayar da shi tari ita ma.

“Dariya kuke yi,” in ji Gaspard. Ya ajiye cokali. “Da kallo ake farawa. Yau mutum ɗaya ya kalle ki ya tafa, kin ji daɗi. Gobe ki so mutum ɗari. Jibi garin nan ya yi miki kaɗan.”

Kowa a teburin ya san da wa yake. Mahaifiyar Solène ita ce mai kiɗan rumbun kafin ita. Wata rana aka gayyace ta Paris ta yi kiɗa a babban zaure, inda mutane suke fuskantar mai kiɗa su miƙe tsaye suna tafi. Ta tafi da niyyar mako guda, sai zama ya kama ta. Solène ko makaranta ba ta shiga ba a lokacin. Duk wanda ya reni 'ya shi kaɗai ba zai ga laifin Gaspard gaba ɗaya ba. Tsoro ne, kuma tsoron uba ba ya jin lallashi.

“Ni ba Mama ba ce,” in ji Solène a hankali.

“Ita ma ba ta san ita ce ba, sai da ta tafi.”

Rigimar bango kuwa ta raba ƙungiya biyu. Ofishin magajin gari ya ce bikin shekara ɗari sai da bidiyo, don matasa su zo. Gaspard ya ce tun da Aubertot ya mutu ko ƙusa ba a taɓa kafawa a bangon nan ba, ba kuma a zamaninsa za a fara ba. Aka yi zama, aka ɗaga hannu, masu son bidiyo suka yi rinjaye da ƙyar.

Washegarin zaman Tancrède ya tare Solène a ƙofar kantinsa, da farar rigarsa ta aiki.

“Solène, ba don in ɓata wa kowa suna ba. Amma na ga ya kamata ki ga samfurin da saurayinki ya aiko wa kwamiti.”

Ya miƙa mata wayarsa. Ta zaci za ta ga laka da tsuntsaye. Sai ga fuskarta ta cika allon, ido a lumshe, leɓe a cije. Rigar jikinta ta tuna mata ranar. Gwaji take yi ita kaɗai a rumbu, Basile ya ce zai hau bene ya auna bango.

“Ashe bai gaya miki ba,” in ji Tancrède, da muryar mai ta'aziyya. “Irinsu haka suke. Komai suka gani nasu ne.”

Ta iske Basile a kan katangar teku yana naɗe wayar kyamara. Bai musa ba.

“So na yi in ba ki mamaki. So nake garin nan ya ga abin da na gani ranar farko. Shekara da shekaru suna kallon bango, alhali ga ki a bayansu.”

“Ka tambaye ni?”

“Gimbiya...”

“Kada ka kira ni Gimbiya. Ka tambaye ni? Baba ya ce kada kowa ya gan ni, kai ka ce sai kowa ya gan ni. Cikinku wa ya taɓa cewa, Solène, ke me kike so? Shi ko banza a gabana yake faɗin tasa. Kai ta bene ka laɓe.”

Ta tafi ta bar shi da waya a hannu.

Kwanaki suka wuce ba ta ɗaga kiransa. Gaspard ya lura, sai ga shi yana fito a wurin aiki, har ya sayo mata cukun da take so. Wannan fiton ya fi komai ƙona mata rai. Goggo kuwa ta ce, “Ki ci abinci, 'yar nan. Fushi da saurayi da ƙarfi ake yin sa.”

Sai wata safiya saƙo ya shigo.

“Solène, na goge hoton, na kuma sa kwamiti sun goge nasu. Kin yi gaskiya, sata na yi, ko da don so na yi. Yau zan je ofishin magajin gari in ce na janye. Bango zai zauna fari, babanki zai huta. Ba don ki dawo nake yi ba. Amma ki sani ina sonki, kuma ban iya dainawa ba.”

Ta karanta a tsaye a bakin murhu. Ta sake karantawa. Sannan ta rubuta:

“Kada ka kuskura ka janye. Yanzu ma ka sake yanke hukunci ban da ni. Zauna inda kake, ga ni nan zuwa.”

Ta ari motar Goggo ta tsallaka gada. Ɗakin aikinsa a saman wani shagon gyaran keke yake, ko wurin zama babu sai akwatuna. Ya buɗe ƙofa da ido ja, da gemun kwana da kwanaki.

“Dubi yadda ka koma, kamar kifin jiya,” in ji ta.

“Kin yafe min?”

“Rabi. Sauran rabin sai ka yi aiki. Ɗauko kyamararka. Za a haska hoto a bangon nan, amma ni zan faɗi wanne.”

Ta gaya masa. Ya saurara, bakinsa ya buɗe, sannan ya zauna a kan akwati yana dariya har da hawaye.

“Wallahi da Aubertot yana da rai da shi zai riga ni aurenki.”

“Wa ya ce maka zan aure ka?”

Ya sauko daga akwatin ya durƙusa a cikin wayoyi.

“Babu wanda ya ce. Tambaya nake yi. Kin ga na koyi tambaya. Solène, za ki aure ni?”

Ta bar shi a durƙushe har sai da gwiwarsa ta fara ciwo.

“Tashi, Sarkin waiwaye. Zan aure ka.”

Da yamma ta gaya wa mahaifinta, a ɗakin aikinsa, yana sunkuye cikin wani tsohon piyano. Bai ɗago ba sai da ta gama.

“To ki saurare ni da kyau,” ya ce. “Ke ba yarinya ba ce, ba zan kulle ki a ɗaki ba. Amma idan kika yi kiɗa a ƙarƙashin majigin nan, ni da kiɗanki mun yi sallama. Ba a rumbu ba, ba a gida ba. Aure kuma ku je ku yi, magajin gari zai ɗaura muku ko ba ni. Kada dai a ajiye min kujera.”

Solène ta matso kusa da piyanon.

“Zan yi kiɗan, Baba. Zan kuma aure shi. Kujerarka kuwa za a ajiye, a rumbu da wurin biki. In ka ga dama ka bar ta babu kowa, mutane su yi ta kallo.”

“Taurin kan nan daga ina kika samo shi?”

“Ka duba madubi.”

Tun daga ranar ba su ƙara doguwar magana ba. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Idan ta zauna gwaji a falo sai ya ɗauki hula ya fita. Solène ba ta yi kuka a gabansa ba ko sau ɗaya. A gaban Goggo ne take yi.

Ana gobe bikin shekara ɗari aka wuni ana ruwa. Wanda ya san piyanon rumbun gishiri ya san halinsa, piyanon Aubertot ne na asali, da ya sha danshi sai muryarsa ta karkace. Gaspard ne kaɗai yake saita shi kafin kowane zama. Solène ta taɓa shi da safen ranar bikin ta ji ya koma kamar agwagwa mai mura. Ba ta roƙi kowa ba. Ta ce ko a haka za ta kaɗa.

Da azahar ƙofa ta buɗe, sai ga Gaspard da jakar kayan aikinsa. Bai kalli 'yarsa ba, bai kalli Basile da ke kafa kyamara a gefen piyano ba.

“Don Aubertot na zo,” ya gaya wa piyanon. “Ba zan bari a ci masa mutunci biyu a rana ɗaya ba.”

Ya daɗe yana aiki, waya bayan waya. Kafin ya gama mutane sun fara shigowa, har da matasan da ba su taɓa taka rumbun ba. Ya rufe jaka ya nufi ƙofa, sai ya tarar Goggo Huguette ta cika ta da jikinta.

“Matsa, Yaya.”

“Ka saita piyano ka tafi ba ka ji ko ya zauna ba? Yaushe ka fara aikin ha'inci?”

Ya tsaya yana huci. Sannan ya wuce layin gaba, kujerar tsakiya, inda ya saba zama.

“Zan saurara. Amma idona a rufe. Ni bangona fari ne.”

Aka rufe tagogi. Solène ta zauna. Ga ƙeyoyin nan a gabanta reras, har da ta Tancrède mai tsagar gashi kamar an sa ma'auni. Ta kalli Basile, ya ɗaga mata gira. Ta sa hannu, shi kuma ya kunna majigi.

Abin da ya fito a bango ba teku ba ne, ba kuma fuskarta ba. Ƙeyoyi ne. Kyamarar tana tsaye daidai kafaɗar Solène, tana ɗaukar abin da idonta yake gani tana zuba wa mutane a gabansu, manya-manya.

Da farko ba su gane ba. Sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta taɓa tsefarta, ta bangon ma ta taɓa. Mai shagon burodi ya ga sanƙon da matarsa ta daɗe tana ɓoye masa, ya ce “Kai!” da ƙarfi. Wani ya ga tambarin kanti yana reto a wuyan sabuwar rigarsa. Dariya ta fara tafiya ƙasa-ƙasa daga layi zuwa layi, ana danne ta tana ɓullowa. Babu wanda ya waiwaya. Ba a karya dokar Aubertot ko ɗaya ba, kowa bango yake kallo. Solène kuwa ta ci gaba da kiɗa ba ta ko murmusa ba, kiɗan da dariyar suka riƙa tafiya tare kamar dama don juna aka yi su.

Idonta yana kan ƙeya ɗaya. Ta ga kan mahaifinta yana nan a miƙe. Ta ga ya karkata kaɗan yana son ya san me ake wa dariya. Sai ta ga kafaɗunsa sun zabura, ta san ya buɗe ido.

Ta shiga kiɗan ƙarshe, wanda ya fi kowanne wuya, inda hannun hagu yake tsallake na dama. Basile ya matso da hoton a hankali har bayan mutum ɗaya ya cika bangon. Furfura, da tsohon kwat mai sheƙi a kafaɗa. Dariya ta lafa.

Gari duka ya ga abin da Solène ta saba gani. Tun kafin ta iso wurin mai wuya, kafaɗun nan suka fara hawa sama. Wuyan ya sandare. Numfashi ya tsaya. Hannunta ya tsallaka, ya sauka daidai, sai kafaɗun suka zube kamar an sauke musu buhu. Da wani wurin mai wuya ya sake matsowa suka sake hawa. Gaspard yana kallon kansa, ya yi ƙoƙarin hana su, suka ƙi.

Ta saki sautin ƙarshe. Ba tafi. Mutane suka miƙe suka fita shiru kamar yadda aka saba, wasu suna shafa ƙeya, wasu suna share ido. Tancrède ya fita cikin na farko.

Gaspard bai tashi ba, bai kuma juyo ba.

“Kun mayar da ni abin kallo,” ya ce da bango.

Basile ya buɗe baki, Solène ta ɗaga masa hannu. Ta tashi daga bakin piyano, ta bi ta gefen kujeru, ta zagaya har ta tsaya tsakanin mahaifinta da bangon.

“Ba sai ka juyo ba, Baba. Ni na zagayo.”

Ya ɗago ido. Sun yi ja.

“Ni ce na ce a nuna ka, ba shi ba,” ta ce. “Kai ma ban tambaye ka ba, na sani. In za ka yi fushi ka yi da ni. Amma ka daɗe kana gaya min kallo ne zai ɗauke ni. Ni tun ina yarinya kallo ɗaya nake yi a ɗakin nan, kuma shi ne ya zaunar da ni. Ka ɗauka ban san kana jin tsoro ba? Kowane wata kafaɗarka take gaya min. Idan ta sauka na san na wuce lafiya. In babu ita a kujerar nan ban san wa zan kaɗa wa ba.”

“In ya tafi da ke fa?”

“Gada ce tsakani, Baba, ba teku ba. Kuma ba kaya ba ce ni da za a tafi da ni. Inda na ga dama nake zama, nan kuwa na ga dama.”

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ɗaga murya, har yanzu bai waiwaya ba.

“Kai, mai majigi.”

“Na'am, Baba.”

“Ban ce ka kira ni Baba ba tukuna. Zagayo nan in gan ka, ni ba na juyawa a ɗakin nan.”

Basile ya zagayo da sauri har yana tuntuɓe da waya. Gaspard ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

“Ka san ba ta jin magana?”

“Na gani da idona.”

“Ka san idan ranta ya ɓaci ba ta cin abinci, sai an ajiye mata an yi kamar an manta?”

“Ban sani ba. Na gode.”

“Akwai sauran abubuwa da yawa da ba ka sani ba. Ka zo gida ranar Lahadi, da yunwarka. Ka kuma aske wannan gemun.” Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki jakarsa. “Bangona kuwa wata mai zuwa fari nake so in same shi.”

“Za a ɗaga hannu a gani,” in ji Solène.

“Ka ji ko? Ita ke nan za ka ɗauka.”

Lokacin da tuffa ta nuna a bishiya aka yi bikin auren. Magajin gari ya ɗaura a ofishinsa, aka gangaro bakin ruwa da ƙafa, jiragen kamun kifi suna busa ƙaho. Goggo Huguette ta dafa abin da ya ishi gari biyu. Gaspard ne ya riƙo hannun 'yarsa tun daga ƙofar gida, yana tafe yana gaya mata ta kula da duwatsun hanya, akwai santsi, kamar yau ta fara tafiya.

Da aka zauna cin abinci ya miƙe da kofin giyar tuffa a hannu.

“Ni ban iya jawabi ba,” ya ce. “Na ce ba zan zo ba, ga ni na zo. Basile, yanzu ka iya ce min Baba. Na ba ka abin da ba ni da kamarsa, ka riƙe da hannu biyu, ka kuma riƙa tambayarta kafin ka yi abu. Solène, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin na uwarsu, ku ma ku ɗanɗana abin da na sha.”

Wurin ya ɗauki amin da dariya. Solène ta tashi ta rungume shi, ta daɗe ba ta sake shi ba. Mu da muke wurin muka ce Allah ya sa alheri, ya kuma bar su tare har tsufa.